Ta-ɓaci da dokar hana fita: wa ya ba su iko, kuma ina iyakarsa?

Dan_Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya bayan Isha'i gardama ta sarƙe tsakanina da yayana. Shi ya ce da zarar an sa dokar ta-ɓaci, to an naɗe kundin tsarin mulki an ajiye ke nan, jami'in tsaro na iya kama ka ya tsare iya son ransa. Na ce ban yarda ba. Muna cikin haka sai na tuna mu a Gombe ba a taɓa sa mana ta-ɓaci ba. Ko a watan Mayun 2013 da Jonathan ya sa wa Borno da Yobe da Adamawa, mu an tsallake mu. Amma ranar 14 ga Fabrairu 2015 da 'yan Boko Haram suka shigo gari an kulle mu a gida dare da rana, kuma shekara da shekaru muna sauka daga mota a shingen bincike hannu a sama. To da wace doka aka yi mana wannan? Idan kuma an sa ta-ɓacin, me ya halatta a yi wa mutum, me bai halatta ba? Masu ilimin abin a taimaka.

Direban_Biu:
Wa alaikumus salam. Wace doka kuma, Malam? Mai bindiga a hannu shi ne doka a lokacin. Mu da muke bin hanyar Gombe zuwa Biu mun ga abin da idonmu.

Barista_Bolari:
Dan_Jekadafari, kai ne da gaskiya, sai dai ka gaya wa Yaya a hankali. Ta-ɓaci ba ta soke kundin tsarin mulki, ita kanta a cikinsa take zaune, a sashe na 305 na kundin 1999. Shugaban ƙasa ne kaɗai ke ayyana ta, kuma sai da dalili: ƙasa na cikin yaƙi, ko ana fargabar mamaya, ko doka da oda sun rushe har ana buƙatar matakin da ya wuce na yau da kullum, ko wani bala'i ya auku. Gwamna ma yana iya roƙo a sa wa jiharsa idan kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar jihar sun goyi baya. Bayan an ayyana, dole Majalisar Dattawa da ta Wakilai kowacce ta amince da kashi biyu cikin uku na dukkan 'ya'yanta, cikin kwana biyu idan suna zama, kwana goma idan suna hutu. Ba su amince ba, ta faɗi. Sun amince, wata shida take yi, sai an koma wurinsu kafin a ƙara.

Abin da ya shafi jikinka kuwa yana sashe na 45. Can aka ce a lokacin ta-ɓaci Majalisar Tarayya na iya yin dokar da za ta taɓa haƙƙin rai (sashe na 33) da haƙƙin kada a tsare mutum haka kawai (sashe na 35), amma gwargwadon abin da halin da ake ciki ya buƙata. Haƙƙin rai ma ba a yarda a taɓa shi ba sai mutuwar da ta auku a fagen yaƙi. Sashe na 34 da ya hana azabtarwa da wulaƙanci ba ya cikin waɗanda aka ba da dama a taɓa ko kaɗan. Haka nan ba a hukunta mutum kan abin da ba laifi ba ne a lokacin da ya aikata shi. Ku lura, majalisa aka ba wannan dama ta hanyar rubutacciyar doka, ba kurtun da ke bakin shinge ba.

YarTudunWada:
Barista, Allah ya ƙara basira. Amma ba ka amsa ta Gombe ba. Mu da ba a sa mana ba fa?

Barista_Bolari:
Ina zuwa, Hajiya. Farkon sashe na 45 ɗin ya ce ko babu ta-ɓaci ana iya taƙaita 'yancin zirga-zirga, da na taro, da na faɗin albarkacin baki, saboda tsaro ko zaman lafiyar jama'a, matuƙar da doka aka yi kuma dokar ta dace da mulkin dimokuraɗiyya. Nan gizo ke saƙa: sanarwar gwamna a rediyo ba doka ba ce da kanta, sai ta jingina da wata doka da majalisa ta yi. A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Legas ta yanke cewa hana mutane fita ranar tsaftar gari bisa umarnin gwamna kawai bai halatta ba, domin babu rubutacciyar doka a bayansa. Yawancin dokar hana fita da muke gani a jihohinmu ba wanda ya taɓa kai ta gaban alƙali ya ce a nuna masa tushenta.

Abban_Sadiq:
Ku yi haƙuri, ni wannan magana tana ƙona mini rai. Ina tashar Dukku ranar 22 ga Disamba 2014. Na je sa wa ƙanena kaya a mota, na juya ke nan zan tsallaka titi abin ya tashi. Takalmin wata yarinya mai tallan gyaɗa na gani a gefen kwata, ƙafa ɗaya, farantinta a kife. Har yau kunnena na hagu ba ya ji sosai. A ranar da an ce mini a kulle garin wata guda, a caje kowa har cikin hula, wallahi da na sa hannu. Wanda ya mutu wane 'yanci ya rage masa? Lauyoyi kuna magana cikin sanyi ne saboda yanzu an samu lafiya.

Barista_Bolari:
Abban_Sadiq, Allah ya ƙara maka lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ban ce kada a caje kowa ba, ni ma an caje ni kuma ban yi gardama ba. Caje mota daban, a ɗauki mutum a ɓatar da shi daban.

MamanIkram:
Tun ɗazu nake karantawa ina share hawaye. Abban_Sadiq, ban raina abin da ka gani ba, amma ka ji nawa. Ƙanena tela ne, shekararsa ashirin da uku a lokacin. A 2014 aka zo da asuba aka kewaye layin da yake haya, aka fito da duk wani namiji aka zaunar a ƙasa, wani da aka rufe wa fuska yana nuna mutane da hannu daga cikin mota. An tafi da su tara. Laifinsa dai ɗakin da ke kusa da nasa wani baƙo ne ya kama. Mun yi yawo har ƙafa ta gaji, duk inda muka je sai a ce ba ya nan. Babu takarda, babu lambar ƙara, babu wanda ya ce mana ga tuhumar da ake yi masa. Mutum uku daga cikinsu sun dawo bayan shekara huɗu, ɗaya ba ya iya miƙe bayansa. Namu shiru. Kekensa na ɗinki yana nan a ɗakin Inna an lulluɓe da zane, da rigar wani yaro da bai gama haɗa wa hannu ba har yanzu a ƙarƙashin allura. Ta hana a taɓa. Ba mu yi zaman makoki ba, ba mu raba gado ba, matarsa ta yi shekaru ba ta san ko ita matar aure ce ko mai takaba ba. Idan yana da laifi a kai shi kotu mu ji, mu haƙura. Abin da muke roƙo ke nan tun farko.

YarTudunWada:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya bayyana shi, Anti.

Abban_Sadiq:
Amin. MamanIkram, ki yafe ni idan maganata ta taɓa ki. Ba irin wannan nake nufi ba.

TsohonSoja_Bajoga:
Ni na sa kaki shekara ashirin da biyu, bari in faɗi abin da ba a cika ji daga ɓangarenmu ba. Yaron da ke tsaye a shinge ya kwana uku bai runtsa ba, jiya aka kashe abokinsa, kuma maƙiyin ba ya sa kaki, jallabiya yake sawa irin taka. Wanda ya kai hari masana'antar siminti ta Ashaka a Nuwamban 2014 da wanda ya zo sayen buhu ɗaya, a ido duk ɗaya suke. Wannan ba uzuri ba ne ga abin da aka yi wa ƙanen MamanIkram, zalunci ne, kuma na faɗa da babbar murya. Amma soja ba a horar da shi don tsare mutane da binciken laifi ba. Aikin ɗan sanda ne da alƙali. An tura mu cikin gari aka bar mu da dubban mutane a hannu babu wanda ya zo ya karɓa. Manya ne ya kamata su amsa wannan.

Dalibin_Shari'a:
Baba, gaskiya ne, sashe na 217 cewa ya yi sojoji su taimaka wa hukumomin farar hula idan shugaban ƙasa ya kira su, bisa sharuɗɗan da majalisa ta gindaya. Taimako aka ce. Sannan sashe na 35 ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar yaƙi da ta'addanci ta ba da damar a daɗe ana tsare mutum, a gyaran 2013 kwana 90 ne, a sabuwar ta 2022 kwana 60, ana iya sabuntawa, amma duk da umarnin alƙali. Ko wannan ɗin da an bi, da aƙalla akwai sunan mutum a wani fayil.

Direban_Biu:
Fayil! Ɗana, a lokacin nan idan an tsayar da mu kowa zai sauko, maza su ɗaga riga su juya, a taka da ƙafa har a wuce shingen, ni kuma in turo mota a hankali. Wanda ba shi da katin shaida a ajiye shi gefe. Sau nawa na isa tasha da kujera babu kowa, jakar mai ita tana but, ban san wa zan ba ba. Akwai wata jakar Ghana-mos-go da ta yi wata bakwai a ofishin ƙungiyarmu.

Bakatagume:
Ni abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda ake amfani da ta-ɓaci a siyasa. A jihohin da ake yaƙi na gaske a 2013 an bar gwamnoni Kashim Shettima da Ibrahim Gaidam da Murtala Nyako a kujerunsu. Amma a Ribas da babu yaƙi, ranar 18 ga Maris 2025 Tinubu ya dakatar da Gwamna Fubara da mataimakiyarsa da majalisar jiha wata shida, ya naɗa tsohon hafsan sojan ruwa Ibas kantoma. Majalisa kuma ta amince da murya, masu cewa e su ce e. Ta yaya ake ƙirga sanatoci 73 cikin 109, ko wakilai 240 cikin 360, da kunne?

Dan_PDP_Gwallaga:
Faɗa musu dai!

Sarkin_Yakin_Kumo:
Dan_PDP_Gwallaga, kada ka yi saurin tafi. Wa ya fara a wannan jamhuriya? Obasanjo ne, ranar 18 ga Mayu 2004 ya dakatar da Joshua Dariye a Filato bayan kashe-kashen Yelwan Shendam, ya kawo Janar Chris Alli. A 2006 ya sake yi a Ekiti. A lokacin da yawa daga cikinmu murna muka yi, saboda 'yan gudun hijirar Filato a jihar Bauchi muka karɓe su, mun ga halin da suka zo. Wanda ya yi shiru ranar da abin ya yi masa daɗi, da wane baki zai yi magana ranar da aka juyo kansa?

Malam_Tarihi:
Abin ya girmi Obasanjo. Ta-ɓaci ta farko bayan 'yancin kai ɗan Bauchi ne ya jagorance ta, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, a watan Mayun 1962, lokacin da rikicin Awolowo da Akintola ya kai ga jifa da kujeru a majalisar Jihar Yamma a Ibadan. Aka naɗa Dakta Majekodunmi kantoma, aka taƙaita zirga-zirgar 'yan siyasa da dama. Cikinsu har da babban lauya Rotimi Williams, wanda ya kai ƙara, kotu kuma ta ce taƙaita shi ɗin bai da hujja. Sai dai ku tuna wancan tsarin firaminista ne, ba irin na yanzu ba. A kundin 1999 hanyar tsige gwamna tana sashe na 188, ta majalisar jiha. Sashe na 11 ma da ya ba Majalisar Tarayya damar yi wa jiha doka idan majalisarta ta kasa zama, ya faɗa ƙarara cewa wannan bai ba ta ikon cire gwamna ko mataimakinsa ba. Masu goyon bayan dakatarwa suna cewa dakatarwa ba cirewa ba ce. A nan lauyoyi suka rabu.

Dan_Jekadafari:
Jama'a mun tafi Ribas da Ibadan. Gwamna ko an dakatar da shi yana da lauyoyi da gidan kwana, kuma Fubara ya koma kujerarsa a Satumban 2025. Ni tambayata kan talaka ce irin ƙanen MamanIkram.

Alaramma_Herwagana:
Haka ne. Ko a shari'ar Musulunci malamai sun ce larura tana halatta abin da aka hana, amma ba su tsaya nan ba, sun ƙara da cewa larura ana auna ta ne gwargwadonta. Wanda ƙishirwa za ta kashe an yarda ya kurɓi abin da zai tsira, ba a ce ya cika tulu ya tafi da shi gida ba. Kuma Allah ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Kama maƙwabci saboda maƙwabci, ko uba saboda ɗa, ko mata saboda miji, babu larurar da ta halatta shi.

Dalibin_Shari'a:
Allah ya gafarta Malam, dokar ƙasa ma ta faɗi haka. Sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya hana kama wani a madadin wani. Dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta ce ko yaƙi ake yi ba hujja ba ce.

Injiniya_Kaduna:
Ba mu kaɗai ba ne fa. Amurka da ake ganin ta gama wayewa, a 1942 ta kwashe mutane kusan 120,000 'yan asalin Japan ta zuba a sansanoni, yawancinsu 'yan ƙasa ne, Kotun Ƙolinsu kuma ta goyi baya a 1944. Sai 1988 gwamnati ta nemi gafara ta biya kowane mai rai dala 20,000. Masar kuwa ta zauna cikin ta-ɓaci daga 1981 har 2012. Tamu ta Arewa maso Gabas aƙalla ta ƙare a Nuwamban 2014 da majalisa ba ta sabunta ta ba.

Direban_Biu:
Ta ƙare a takarda, Injiniya. A hanya ba mu ga bambanci ba ko na kwana ɗaya. Shingen da ke nan ranar Laraba shi ne ranar Alhamis.

Barista_Bolari:
Direba ya taɓo inda ya fi damuna. An ci gaba da yaƙin shekaru bayan 2014 ba tare da ta-ɓaci ba, har aka ƙwato garuruwa. Wato yawancin abin da aka yi wa mutane ba a ƙarƙashin sashe na 305 aka yi shi ba, an yi ne kawai. A Zamfara an rufe layukan waya a Satumban 2021 babu ta-ɓaci. Ta-ɓaci ko ba komai tana da ranar farawa da ranar ƙarewa da majalisar da za a tambaya. Wanda ake yi ba a ayyana ba, wa za ka tambaya, yaushe zai ƙare? Kuma da aka fara shari'ar waɗanda ake tsare da su bisa zargin Boko Haram a Kainji a Oktoban 2017, ɗaruruwa aka sallama saboda babu shaidar da za a gurfanar da su da ita, bayan sun shafe shekaru a tsare.

YarTudunWada:
Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Wanda ya ɗauki bindiga ya ce ya tuba an kai shi sansanin Malam Sidi nan kusa da mu, an koya masa sana'a. Wanda bai taɓa ɗauka ba an sallame shi da rigar jikinsa, ko a ce yi haƙuri babu.

TsohonSoja_Bajoga:
'Yata, shirin na Malam Sidi yana da amfaninsa, duk wanda ya ajiye makami an rage harsashi ɗaya da zai sami wani. Amma maganarki ta biyu ba ni da amsarta.

Abban_Sadiq:
Har yanzu ina nan kan cewa dokar hana fita ta ceci rayuka. A Billiri a 2021 lokacin rikicin sarautar Mai Tangale, da ba a kulle garin ba Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya. Barista, ranar da wuta ta tashi ba a jiran majalisa ta zauna.

Barista_Bolari:
Na yarda ba a jira a ranar. Shi ya sa ake so majalisar jiha ta yi dokar tun ana zaman lafiya: awa nawa gwamna zai iya kulle gari da kansa, yaushe zai koma wurin majalisa, mai naƙuda da mai ciwo ta ina za su bi, wanda aka kama ya karya doka me za a yi masa. In babu wannan, sai ka ga ana sa dattijo tsallen kwaɗo a kan titi don ya fito neman magani.

MamanIkram, ke kuma kada ki ɗauka lokaci ya wuce. Sashe na 46 ya ba da damar zuwa Babbar Kotu kan take haƙƙi, ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 sun yarda ɗan'uwa ya shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare, kuma irin wannan ƙara daɗewa ba ta kashe ta. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai hukumar ba da lauya kyauta ga marasa ƙarfi, ƙungiyar Red Cross kuma tana rajistar waɗanda suka ɓace a rikicin. Ba zan yi miki alkawarin sakamako ba. Amma ki samu mutanen nan uku da suka dawo, a rubuta inda suka gan shi na ƙarshe da watan da suka rabu, tun suna tunawa.

Dan_Jekadafari:
Na karanta wa Yaya duka. Ya ce ya ji sashe-sashen, amma shi abin da ya gani a titi yake faɗa, kuma har yanzu bai ga wanda ya ƙaryata shi ba.

MamanIkram:
Na gode, Barista. Ɗaya daga cikin ukun ya rasu bara, ɗaya ya koma wajen danginsa a Adamawa. Na ukun yana nan yana sayar da rake a bakin kasuwa, sai dai ko an gaishe shi ba ya son a ɗauko zancen. Zan sa mijina ya je ya same shi da daddare. In ya yarda ya yi magana, sai ya je kotu da kansa, ko rubutun ya isa?